Asibi Ta Yi Yaji Kan Mutumin Ƙarfe

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun ajiye surfe mun zauna.

To, ku gyara zama. A Mabai ta ƙasar Ƙanƙara akwai wani dattijo manomi, Baba Ɗanlahadi, da matarsa Asibi. Sun tsufa tare, sun aurar da 'ya'ya, gida ya saura su biyu sai awaki da wata kaza mai ƙafa ɗaya da ta ƙi mutuwa. Duk tsawon zamansu Asibi ba ta taɓa yin yaji ba. Faɗa kam an yi. An yi na gishiri, an yi na taki, an yi na wanda ya bar ƙofar garke a buɗe. Amma a ce ta ɗaure kaya ta nufi gidansu? Ko sau ɗaya. Sai da furfura ta cika kanta sannan ta yi, kuma a kan wani mutumin ƙarfe da bai taɓa taka ƙasar Katsina ba.

Ga yadda abin ya faro. Suna ango da amarya, wata Kirsimeti, malamin firamare ya aro talabijin da bidiyo da janareto daga Funtuwa, ya kafa a harabar coci bayan an ci shinkafa. Fim ɗin Turawa ne, na wasu mutane da suka shiga jirgi mai kama da rumbu a kwance suka nausa cikin taurari. Akwai shugabansu, Kyaftin, mai riga mai ƙyalli. Akwai miyagu masu koren fuska da kai kamar kabewa. Sannan akwai baran Kyaftin, mutumin ƙarfe, mai tafiya yana jan ƙafa ɗaya yana ƙara. Asibi na ganinsa ta ce, "Kai, ga Kawu Audi!" Don haka marigayi kawunta yake tafiya. Suna ya bi shi ke nan.

Da Turanci ake magana, kuma irin Turancin nan na hanci, wanda shi kansa malamin sai dai ya gyaɗa kai. Saboda haka kowa ya haɗa nasa labarin. Wajen ƙarshe akwai inda jirgin ke tashi daga wata duniya mai duwatsu, a bar Audi tsaye shi kaɗai yana ɗaga hannu. Asibi ta yanke cewa gona Kyaftin ya samu a can, ya bar amintaccensa ya yi gadi, da damina zai dawo. A kan haka suka zauna shekara da shekaru. Sun kalle shi a kaset, sun kalle shi a faifai har faifan ya karce. Duk lokacin da aka zo wurin sai Asibi ta ce, "Ka yi haƙuri Audi, damina ta kusa."

Sai bana autarsu Rahila, wadda ke aikin asibiti a Zariya, ta zo musu da tsaraba: 'yar na'ura mai allo, ana yi mata caji da hasken rana, ga fim ɗin a ciki an yi masa fassarar Hausa. Murna wajen tsofaffin nan ba a magana. Ranar Lahadi da aka taso daga coci suka shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, Asibi da kwaryar gyaɗa tana ɓarewa, suka kunna.

Da farko abin daɗi. Ashe matar da suka ɗauka matar Kyaftin ce, likita ce. Ashe masu kan kabewa ba mata suka zo sata ba, ruwa suke nema. Suna ta "Af!" da "Ka ji!" Har aka zo duniyar duwatsu. Mai fassara ya yi ƙasa da murya ya ce, "Man jirgi ya kusa ƙarewa, kaya ya yi nauyi. Duk cikinmu kai ne mafi nauyi. Sauka." Mutumin ƙarfe ya ce, "Yallaɓai, yaushe za ka dawo?" Kyaftin ya ce, "Ba dawowa."

Asibi ta ajiye gyaɗa.

"Mi ya ce?"

"Ya ce ba dawowa."

"Mayar da shi baya."

Aka mayar. Kyaftin ya sake cewa ba dawowa.

"Ƙarya mai fassarar ga yake yi. Gona aka bar mashi."

"Wace gona, Asibi, bisa dutse? Ko ƙaya ba ta fito ba wurin."

Ta dubi Audi yana ɗaga hannu, jirgi na ƙanƙancewa. Can ta ce, "Ashe butulu muke tafa wa tun muna yara."

Da Ɗanlahadi ya ci gaba da taunar gyaɗarsa, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma shi mutum ne wanda in ya ga abu daidai ne, sai ya faɗa, ko a gaban alƙali.

"Ai daidai ya yi," in ji shi. "Ga mutane cikin jirgin, har da mace. Ni in na yi wa amalanke lodi ya fi ƙarfin shanu, sauke buhu nake."

"Buhu? Audi ne buhu? Wanda ya goya shi ya ƙetare kogin wuta?"

"Ƙarfe ne, Asibi. Kuma ya tsufa. Ba ki ji gwiwarshi na ƙara ba?"

Asibi ta dafa ƙasa ta miƙe. Gwiwarta ta ce ƙas! Ta ji, ya ji, har kazar nan sai da ta waiwayo. Ta shige ɗaki.

Washegari ya dawo daga gona ya tarar da tuwonsa a rufe, an ba awaki dusa, don da su ba ta da faɗa. Amma ba Asibi, ba ƙullin kayanta, ba na'ura. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Baba, ta ce in ka tambaya tana Tafoki wurin wanta. Ta ce kuma kada ka wahalar da kanka, ta sauka da kanta, amalanke ta yi sauƙi."

Ya ce za ta dawo. Ya tuƙa tuwo, ya fito da gudaji kamar tsakuwa. Ya yi miya, awaki suka shinshina suka wuce. Amma ba yunwa ce ta fi cin sa ba, don maƙwabta ba su bar shi haka ba. Shirun gidan ne. Mutumin da ya saba in ya yi tari a ce masa sannu, in ya yi magana a musa masa, yanzu sai ya tsinci kansa yana yi wa kaza bayanin nauyin jirgi. Da Rahila ta ji a waya ta yi dariya har ta sarƙe, sannan ta ce, "Baba, ba wasa ba ne. Na kira ta, ta ce ta gama zaman Mabai. Ka tahi biko."

Biko kuwa, kun sani, ba a zuwa da ka. Akwai wanda ake ɗauka. A Mabai wannan aiki na Malam Zailani ne, maƙwabcinsa, mai sayen hatsi a kasuwar 'Yankara. Shi Musulmi, Ɗanlahadi Kirista, amma tun Zailani na yaro yake bin Ɗanlahadi kiwo. Bakinsa kuwa zuma. Matan da ya dawo da su ɗakunansu in aka tara su sai su cika mota.

Da ya ji dalilin yajin, Malam Zailani ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Na yi bikon duka, na yi na zagi, na yi na kuɗin cefane. Ban taɓa yin na gwangwani ba. To saurara, Baba Ɗanlahadi. In mun je, kai ba ka da baki. Kanka ƙasa. In na taɓa ka da gwiwa, ka ce, na yi kuskure. Shi ke nan aikinka."

"Amma jirgin ya yi nauyi, Malam."

"Wa ya tambaye ka jirgi? Matarka kake so ko jirgi?"

"Matata."

"To faɗi mu ji."

Ɗanlahadi ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa. "Na yi... amma dai ka san in mai ya ƙare..."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Malam Zailani. "Hau babur."

Suka kama hanya da hantsi, da ƙullin goro da sabulu da turmin atamfa, don yanzu hanyar Faskari, wadda ke kai mutum Tafoki, ba a son la'asar ta riski mutum a kanta saboda ɓarayin daji.

Wan Asibi, Baba Ɗanliti, shi ne a matsayin uba tunda iyayensu sun rasu. Dogo ne, siriri, mai tsinin gemu, kuma bai yarda da duk abin da bai taɓa da hannunsa ba. Ya karɓe su a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidansa. Matarsa Laraba ta kawo ruwa da kunu. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gona, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwan bana, har aka rasa abin tambaya. Sannan Malam Zailani ya tura goro gaba.

"Baba, mun zo biko. Laifi namu ne, ba mu zo musu ba. A yi mana aikin gafara a ba mu matarmu."

Aka kira Asibi. Ta zo ta zauna gefe, ta ba su rabin baya. Ɗanlahadi ya saci kallonta ya ga ta ɗaura kallabin da ya saya mata bara, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, sai ya ga ta murguɗa baki, ta koma ta yi zafi.

Baba Ɗanliti bai taɓa goron ba. "Ni tunda ɗiyar ga ta zo nake tambayarta. Ya buge ki? A'a. Ya hana ki abinci? A'a. Sai wai Audi, wai Audi. Audin da na sani mun rufe shi tun zamanin soja. Ba na yanke maganar da ban gani ba. Ina abin yake? A kawo."

Asibi ta shiga ta fito da na'urar naɗe cikin zane kamar jariri. Aka jingina ta da turmi, aka rataya zanen a reshe don rana kada ta kashe hoton. Malam Zailani ya dubi inuwa ya ga akwai sauran lokaci. Aka kunna.

Ai kuwa tun jirgi bai tashi ba Baba Ɗanliti ya fara.

"Wanga rumbu wa ya kwantar da shi?"

"Jirgi ne, Yaya."

"Ina hiffikenshi?"

Can ya sake cewa, "Su waɗanga ba su cin abinci? Tun ɗazu ake tahiya, ba wanda ya ci, ba wanda ya zaga bayan gida."

"Kai dai ka bari mu ji," in ji Laraba, wadda ta zo ɗaukar kwanuka ta zauna ke nan.

Shi kuwa Malam Zailani tun daga kogin wuta ya daina motsi. Da Audi ya goya Kyaftin, ƙafarsa na narkewa yana tafiya, sai aka ji Malam na cewa, "Allahu akbar. Bawan Allah." Da aka zo duniyar duwatsu, Kyaftin ya ce ba dawowa, Malam Zailani ya ja bakin rigarsa ya share ido, ya fyace hanci, ya juyo ya dubi abokinsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Baba Ɗanlahadi. Wannan ka ce daidai ne?"

Ɗanlahadi ya taɓa shi da gwiwa.

"Kada ka taɓa ni! Wallahi Mama tana da gaskiya. Wannan Kyaftin ko akuyata ba zan ba shi kiwo ba. Mama, da ni ne ke, ba Tafoki ba, sai an nemo ni can garin Sabuwa."

Kun ji ɗan biko. Wanda aka ɗauko ya yi roƙo, ga shi ya ja tabarmarsa ya koma kusa da Asibi. Laraba ma tana ta sharɓar kuka. Ɗanlahadi ya duba dama ya duba hagu, ba kowa nasa. Ga maganar da za ta dawo masa da matarsa, kalma uku kacal, amma ta ƙi fita daga bakinsa.

Sai Baba Ɗanliti ya sa yatsa ya tsayar da hoton, ya tuntsire da dariya har gemunsa na rawa.

"Wannan ne? Wannan ne ya raba auren da aka haifi jikoki? Ku matso ku gani. Ga igiya nan, ga ta, da ita aka rataye jirgin naku. Wutar gindinshi kuma aci-balbal ce. Shi kuwa Audin, wani ƙato ne aka zura cikin duro aka kifa mashi bokiti. Ga diddigenshi nan ina gani." Ya share hawayen dariya. "To ga hukuncina. Ɗiyar ga ba ta komawa. Gidan da namiji zai zauna yana yi wa bokiti shari'a ba gida ba ne. Abin ga kuma a ba yara su yi wasa, ko in jefa shi rijiya."

Asibi ta juyo gaba ɗaya. "Yaya, wa kake ce wa bokiti?"

Amma kafin ta ƙara, sai aka ji murya daga inda aka ce ba baki.

"Baba, a gafarce ni." Ɗanlahadi ne, ya ɗago kai. "Ka zage ni, suruki ne kai, ka isa. Ka hana ni mata, ka isa. Amma Audi ba bokiti ba ne."

"Af! Ashe yana magana."

"Igiyar ga mun gan ta tun kafin a haifi Rahila. Asibi ce ma ta fara ganinta. Mun san da ita, ba ta hana jirgin tashi ba. Kai da ka zo yau, mi ka sani? Ka san shi ya riƙe ƙofa da bayanshi lokacin da masu kan kabewa suka zo? Ka san duk tahiyar ga bai zauna ba ko sau ɗaya? Kowa na da kujera, shi babu. Kana can kana neman bayan gida ba ka gani ba."

"Faɗa mashi," in ji Asibi, ta manta tana fushi.

"Kuma da aka ce ya sauka, ya yi gardama? Sai da ya gyara wa Kyaftin wuyan riga sannan ya fita."

"Ya gyara mashi wuyan riga," in ji Asibi. "Da hannun da ya ƙone."

"Shi kuma Kyaftin," Ɗanlahadi ya ci gaba, "ku da kuke zaginshi, ku duba fuskarshi daga nan har fim ya ƙare. Bai ƙara dariya ba. An isa gida ana ta kiɗa, shi yana duban sama. Daidai ya yi, na faɗa kuma ina ƙara faɗa, ko za a hana ni mata. Amma daidai ɗin ga ya gama da shi."

Malam Zailani ya dafe kai, don a sanin da ya yi wa biko, an gama, an rasa.

Asibi ta dubi mijinta. Sannan ta ce, "Baban Rahila. Da kai ne?"

"Da ni ne mi?"

"Da kai ne da jirgin."

"Ni?" Ya yi tsaki. "Da ni ne ai da mun faɗo mu duka, da ni da Audi da likita da kujeru. Ina zan iya? Shi ya sa ba a ba irina jirgi."

"To mi ya hana ka faɗi haka ran nan?"

"Ba ki tambaye ni ba. Kyaftin kika tambaya."

Ta miƙo hannu. Ya ɗauka atamfar take so, ya tura mata. Ta ture ta. "Kama ni in tashi, gwiwa ce." Ya kama ta ta tashi. Ta sauke zanenta daga reshe, ta naɗe na'urar.

"Ke!" in ji Baba Ɗanliti. "Na ce ba ki komawa!"

"Yaya, ka yi haƙuri. Shi wannan ra'ayinshi ne ya karkace, amma ya san fim. Gidan da ake ce wa Audi bokiti ba ni kwana cikinshi."

"To ai ba a ƙare ba! Sun isa ko ba su isa ba? Ɗanlahadi ya ce an yi kiɗa, ni ban ga kiɗa ba."

"Ina ruwanka da bokiti?" in ji Laraba, tana kwashe goron ta ƙulle a bakin zane, don an dai karɓi biko ko maigida ya so ko bai so ba.

Inuwa ta fara tsawo, saboda haka ba a tsaya dogon sallama ba. Aka samo ɗan acaɓa ya ɗauki Asibi da kayanta, su biyun suka bi baya. Tun daga Tafoki har Mabai Malam Zailani bai yi wa abokinsa magana ba, sai tsaki.

Asibi ta koma ɗakinta, tana nan har yau. Ba ta janye ba, Kyaftin butulu ne, shi ma Ɗanlahadi bai janye ba, kuma duk Lahadi in an taso coci sai sun kalla sun yi musu. Malam Zailani ya daina zuwa biko sai ya fara jin kan magana tukuna, kuma yanzu tabarmarsa na nan kullum a inuwar rumbun, ɓangaren Asibi. Rahila ta yi niyyar kawo musu wani fim ɗin, suka ce ta riƙe abinta. Baba Ɗanliti ya zo Mabai ranar wata kasuwa, wai ya zo duba lafiyar ƙanwarsa, ya zauna ya kalli abin daga farko har ƙarshe, ya ce ya ƙara ganin igiya a wuri biyu, kuma ya sake dawowa tare da matarsa Laraba bayan an cire masara. Kazar nan mai ƙafa ɗaya ita ce aka yanka musu.